Addini ne ke kunna wutar, ko tarar da ita yake yi tana ci?

Malam Garba:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da kullum ake yi wa hawan ƙawara. Da zarar an kai hari da sunan addini sai mutane su rabu gida biyu, wasu su ce addinin ne da kansa, wasu su ce babu ruwan addini, talauci ne kawai. A ganina duka biyun gudun wahalar tunani ne. Bari in ajiye abu ɗaya a faifai. Robert Pape na Jami'ar Chicago ya ƙirga hare-haren ƙunar baƙin wake da aka kai a duniya daga 1980 zuwa 2003, ya samu 315. Ƙungiyar da ta fi kowa yi, da hare-hare 76, ita ce Tamil Tigers ta Siri Lanka, wadda ƙasar kanta take nema wa ƙabilar Tamil, ba aljanna take yi wa kowa alkawari ba. Su suka kashe tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi a 1991, suka kashe shugaban Siri Lanka Premadasa a 1993. To idan makamin da aka fi jingina wa addini waɗanda ba addini ya dame su ba ne suka fi ƙwarewa a kansa a wancan lokaci, mene ne addini yake ƙara wa yaƙi?

Dakta Ilyasu:
Wa alaikumus salam Malam. Lissafin daidai ne, amma dubi inda ya tsaya: 2003. Daga nan ne labarin ya juya. Hujjar Pape ita ce ana kai irin waɗannan hare-hare ne don korar sojojin mamaya, kamar na Beirut a Oktoban 1983 da ya kashe sojojin Amurka 241 da na Faransa 58, bayan 'yan watanni kuma suka tattara suka fice. Amma a Iraƙi bayan 2003 waɗanda suka fi shan wahalar bama-baman nan 'yan Iraƙi ne, a kasuwa, a layin neman aikin ɗan sanda, a masallaci. Mutanen Zarƙawi, shugaban al-Ƙa'ida a Iraƙi, ba Ba'amurke suka nufa ba ranar da aka rusa ƙubbar hubbaren Askari a Samarra a Fabrairun 2006. So suke 'yan Shi'a su rama a kan 'yan Sunni, 'yan Sunni su rasa mafaka sai su. Kuma haka aka yi.

Abin da aƙida ke ƙarawa na farko shi ne faɗaɗa wanda ya halatta a kashe. Mai neman ƙasa yana buƙatar jama'arsa gobe, dole ya ja wa kansa layi. Mai kafirtawa kuwa kullum layin matsowa yake yi, har ya zo kan maƙwabcinsa, har kan wanda suke sahu ɗaya. Sannan tana cire wa yaƙi wa'adi. Cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta duba ƙungiyoyi 648 da suka yi ta'addanci daga 1968 zuwa 2006. A jimlace kashi 62 cikin ɗari sun ƙare, amma cikin masu iƙirarin addini kashi 32 ne kawai suka ƙare. Wanda yake ganin shan kaye jarrabawa ce, ba ya karanta shan kaye a matsayin alamar ya daina.

Hajiya Rabi:
Dakta na yarda, sai dai mu bambanta aƙidar ƙungiya da dalilin shigar yaro. A 2016 kamfanin dillancin labarai na AP ya tantance takardun rajistar da Da'ish, wato ISIS, ke cike wa baƙin mayaƙa idan sun tsallako iyaka. Akwai gurbin da ake rubuta matakin sanin shari'a. Kashi 70 cikin ɗari matakin farko aka rubuta musu. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a Afirka, ta fitar da rahoto a 2017: kashi 57 sun ce ba su fahimci littafin addininsu ba ko kaɗan suka fahimta, kashi 71 kuma sun ce abin da ya tura su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, an kashe ko an kama ɗan'uwa ko aboki. Da ta sake bincike ta fitar a 2023, kashi ɗaya cikin huɗu neman aikin yi suka ambata a gaba, addini kashi 17.

Kuma shigar ba daga karatu take farawa ba. Aboki ne ko wa ko miji zai fara ja. A ba ka ƙaramin aiki, kai saƙo, sayo mai, duba hanya. Sai a sa ka wani abu da ba za ka iya komawa gida bayansa ba. Karatun aƙidar daga baya yake zuwa, ya zo ya yi wa abin da aka riga aka aikata fassara.

Ustaz Nuhu:
Hajiya a yi hattara da wannan hujja, domin tana da daɗin ji, mu masu addini muna saurin rungumarta. Jahilcin mabiya bai nuna jahilcin shugabanni ba. Shugaban Da'ish Abubakar al-Bagadadi digirin digirgir gare shi a ilimin Alƙur'ani. Da suka kama matan Yazidawa a Sinjar a Agustan 2014, ba a ɓoye suka yi ba, rubutawa suka yi suna kawo hujjoji. Wannan ba talauci ne ya rubuta ba. Idan muka ce babu ruwan aƙida, mun sauke wa malamai nauyin da ke kansu.

Kuma cutar ba ta addini ɗaya ba ce, kowa ya duba gidansa. Baruch Goldstein ya harbe masallata 29 a masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron a 1994. Yigal Amir ya kashe firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin a 1995 yana ganin hukuncin addini yake zartarwa. Joseph Kony ya ce da dokoki goma na Littafi Mai Tsarki zai mulki Yuganda, yana satar yara. A Myanmar limamin Buda ne, Wirathu, ya yi shekaru yana wa'azin ƙin Musulmi kafin sojoji su kori 'yan Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangaladash a 2017. Aum Shinrikyo da ta saki iska mai guba a jirgin ƙasan Tokyo a Maris 1995 cike take da masu digiri a kimiyya, a ƙasa mai arziki, babu mamaya babu yunwa.

Malam Garba:
Allah gafarta Malam, misalin Tokyo ya zauna. Amma lura, mutum 13 suka kashe a harin, 'yan sanda suka murƙushe su cikin 'yan watanni. Aƙidar tana nan da zafinta, fili ne ba ta samu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kanar, kai ka fi mu sanin yadda bangon ke tsagewa.

Kanar mai ritaya:
Iraƙi ce makarantar wannan darasi, don kusan kowane kuskure an yi shi a jere, da kwanan wata.

Mayun 2003, Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya riƙe mulkin Iraƙi, ya sa hannu a kan doka biyu cikin mako guda. Ta farko ta kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'as ta Saddam daga aiki, har da malaman makaranta da likitocin da katin jam'iyya kawai suka riƙe don su ci abinci. Ta biyu ta rushe rundunar soja, mutum kusan 400,000. Ka sallami wanda ya san harbi, ya san inda rumbun makamai yake, ka hana shi albashi, ka ci masa mutunci. Ba sai an yi maka duba ba.

Na biyu kurkuku. A sansanin Bucca da Amurka ke tsare mutane an tara dubban mutane, mai laifi da wanda aka kwaso a samame. Bagadadi ya zauna a can a 2004. A nan masu aƙida suka haɗu da tsofaffin hafsoshin Saddam, wannan na da wa'azi, wancan na da dabarar yaƙi da leƙen asiri. A waje ba su da inda za su zauna tare wata da watanni ba tare da an kai musu hari ba, sai ga shi an ba su ɗaki da abinci.

Na uku, kuma shi ya fi ba ni takaici, cin amanar wanda ya taimake ka. Daga 2006 ƙabilun Anbar suka juya wa al-Ƙa'ida baya saboda ta ishe su da kisa da ƙwace. Aka kafa 'yan sa-kan Sahwa, suka kai kusan 100,000, ana biyan kowa kimanin dala 300 a wata. Su suka san wane ne wane a unguwa, su suka karya ƙungiyar. A ƙarshen 2008 aka miƙa su ga gwamnatin firaminista Maliki da alkawarin ɗaukar kashi 20 cikin ɗari aikin tsaro. Albashi ya riƙa makara, aka kama wasu shugabanninsu, masu ɗaukar fansa suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Da Da'ish ta dawo, wa zai sake fitowa?

Sai fasa gidajen yari, wanda aka yi a Abu Ghraib a Yulin 2013 ya fitar da ɗaruruwa. Yunin 2014 Mosul ta faɗi a hannun mayaƙan da yawansu bai kai na rundunar da ke takarda ba ko kusa. Na ce a takarda, domin a ƙarshen shekarar firaminista Abadi ya bayyana sunayen sojoji 50,000 na bogi da ake karɓar albashinsu. A duk jerin nan, nuna mini inda ake buƙatar sabuwar fatawa.

Ustaz Nuhu:
Ranka ya daɗe, ana buƙatarta a wuri ɗaya: mutum kusan 40,000 da suka taso daga ƙasashe sama da 80. Bremer bai kori ɗan Beljiyam ko ɗan Tunusiya daga aiki ba. Kalmar halifanci ce ta taso da su.

Kanar mai ritaya:
Wannan na ba ka, Malam. Amma sai da aka ci Mosul kalmar ta yi nauyi. Nasara ita ce babban mai wa'azi.

Barista Hauwa:
Ina so in tsaya a kan kame, don kuskuren ba na Larabawa ko na Amurka kaɗai ba ne. A Ireland ta Arewa, Agustan 1971, Birtaniya ta fara tsare mutane ba tare da shari'a ba. Samamen farko an kwashe 342, dukkansu daga ɓangaren masu neman haɗewa da Ireland, galibi Katolika, da tsohon jerin sunaye wanda da yawa a ciki ba su da alaƙa da IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don korar Birtaniya. Janairun 1972 sojoji suka harbe masu zanga-zanga 13 a Derry. Shekarar 1972 ita ce mafi muni a duk rikicin, an kashe kusan 500, IRA kuwa ta samu matasa har ta rasa inda za ta sa su. Ana maganin ƙaba kai na kumbura.

Dalilin a fili yake. Bayanan sirri daga bakin jama'a suke fitowa. Uwar da aka kwashe ɗanta da dare ba tare da tuhuma ba, ba za ta sake gaya wa ɗan sanda komai ba, ita da danginta. Kama mutum ɗari don a samu biyar yana nufin ka samu biyar ka rasa gida casa'in da biyar. Haka kashe shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da kotu ba: an rasa damar yi masa tambayoyi a gaban alƙali, an ba mabiyansa gawar da za su yi rantsuwa da ita, wanda ya gaje shi kuma ya fi shi ta'asa.

Abin da ya kamata a kurkuku ba boyayye ba ne. A tantance cikin kwanaki, ba shekaru ba. A raba masu wa'azin ƙungiya da ƙananan yara da waɗanda aka tilasta. A kai fayil kotu da shaida, ba da furucin da aka samu da duka ba, domin irin wannan furuci alƙalin kirki zai watsar, mai laifin gaske ya fita tare da marar laifi.

Alhaji Sabo:
Kun yi maganar mutane, ba ku yi ta kuɗi ba. Hari ɗaya ba shi da tsada. Hukumar da ta binciki harin 11 ga Satumba ta ce an kashe tsakanin dala 400,000 da 500,000. Na Landan a Yulin 2005 bai kai fam 8,000 ba. Don haka bin sawun kuɗin banki ba ya hana hari irin wannan. Abin da ke da tsada shi ne riƙe ƙungiya: albashi, abinci, mai, magani, kula da matan waɗanda suka mutu. A nan ake kama su.

Kuma galibin kuɗin daga ƙasan da suka riƙe yake fitowa, ba daga wani attajiri a ƙetare ba. Da'ish haraji ta riƙa karɓa, da tara, da kuɗin mai. Da aka fara ragargaza tankokin mai da ma'ajiyar kuɗinta, a farkon 2016 ta rage albashin mayaƙanta da rabi. Al-Shabab a Somaliya ana ƙiyasta tana tara kimanin dala miliyan 100 a shekara. Direban babbar mota zai biya a shingenta sau ɗaya, a ba shi rasit, shinge na gaba ya nuna ya wuce. A hanyar gwamnati kuwa kowane shinge da nasa farashin. Ga kotunanta, mutum zai bar Mogadishu ya kai ƙarar fili wurinsu don ya san za a yanke da wuri kuma a zartar. Wannan ya fi kowane wa'azi jawo musu jama'a.

Sai kuɗin fansa. Jaridar New York Times ta lissafa a 2014 cewa al-Ƙa'ida da rassanta sun karɓi aƙalla dala miliyan 125 tun daga 2008, mafi yawa daga ƙasashen Turai. Da irin wannan kuɗi reshen Sahara ya sayi motoci da makamai da surukai kafin rikicin Mali na 2012.

Inda ake kuskure: rufe hanyar kuɗin talakawa. A Nuwamban 2001 an rufe al-Barakat, kamfanin da 'yan Somaliya mazauna waje ke aika wa iyalansu kuɗi. Daga baya bincike bai tabbatar da zargin ba, amma an riga an yi ɓarnar.

Auwal:
Iyayena ina bin ku a hankali, amma ina da ja. Kamar kuna cewa ƙarfin soja ba ya aiki. To Siri Lanka fa, ba da bindiga aka gama da Tamil Tigers a 2009 ba? Mosul ba da bindiga aka ƙwato ta a 2017 ba?

Kanar mai ritaya:
Tambaya mai kyau, ɗana. Soja yana aiki idan abokin gaba ya tsaya ya riƙe ƙasa, yana da sansani da layin da za a kewaye. Tamil Tigers sun mai da kansu rundunar soja a tsibiri, babu iyakar da za su tsallaka, a 2004 kuma kwamandansu na gabas, Karuna, ya ɓalle da dubban mayaƙa. Aka matse su a bakin teku, tare da fararen hular da har yau ake jayayya a kan dubban da suka mutu. Da'ish ma da ta ce ita daula ce ta ba da adireshi, aka bi ta har Baghuz a Maris 2019. Amma tana rasa ƙasa ta koma abin da ta saba, ta kuma yi rassa a Afganistan da Sahel da Mozambik.

A lissafin RAND da Dakta ya kawo, cikin ƙungiyoyin da suka ƙare, kashi 43 shiga siyasa suka yi, kashi 40 'yan sanda da jami'an leƙen asiri suka gama da su, kashi 10 sun ci nasara, soja kashi 7 kacal. Dubi Indunusiya. Bayan harin Bali na Oktoban 2002 da ya kashe 202, ba dokar ta-ɓaci suka sa a ƙasa baki ɗaya ba. Runduna ta musamman suka kafa cikin 'yan sanda a 2003, suka riƙa kamawa suna kai wa kotu a bainar jama'a, suna jawo wasu daga cikin manyan su yi magana da na ƙasa. A 2024 shugabannin Jama'a Islamiyya, ƙungiyar da ta kai harin Bali, da kansu suka sanar sun rushe ƙungiyar. Shekara 22 ke nan, ba aikin mai gaggawa ba ne.

Kashe shugaba ma haka. Mai bincike Jenna Jordan ta duba kusan sau 300 da aka kashe ko aka kama shugabannin ƙungiyoyi, ta ga ƙungiyar da ta daɗe, mai yawan mutane, mai iƙirarin addini, ita ta fi jure wa rashin shugaba. An kashe Zarƙawi a 2006, magadansa biyu a 2010, Bagadadi a 2019. An kashe maciji ba a sare kansa ba, ko kuma in ce wannan macijin ba a kai ransa yake ba.

Hajiya Rabi:
Mun karkata ga masu ɗaukar makami a daji, mun bar tarzomar gari, alhali ita ma da sunan addini ake yin ta, kuma tsarinta daban ne. Indiya ce aka fi yi wa nazari. Ashutosh Varshney ya tattara rikicin Hindu da Musulmi daga 1950 zuwa 1995, ya ga birane takwas kacal sun ɗauki kusan rabin mace-macen. Addinan nan biyu suna ko'ina a ƙasar, littattafan ba su canza daga gari zuwa gari ba, amma wutar a wurare ƙalilan take ci. Garuruwan da suka tsira su ne inda ɓangarorin biyu ke cikin ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ɗaya, wato akwai wanda zai ɗaga waya ya kira takwaransa ya ce jita-jitar nan ƙarya ce. Steven Wilkinson ya ƙara da cewa gwamnatin jiha ita ce mabuɗi: inda take buƙatar ƙuri'ar marasa rinjaye tana ba 'yan sanda umarni a kan lokaci, inda raba kan jama'a zai amfane ta a zaɓe sai ta yi jan ƙafa.

Tarzoma ba ta tashi da kanta. Akwai mai ƙirƙiro labari, akwai mai kawo matasa a mota, akwai mai nuna gida. A Delhi a 1984, bayan masu gadin firaminista Indira Gandhi 'yan Sikh sun kashe ta, da rajistar masu zaɓe aka riƙa gano gidajen 'yan Sikh, aka kashe kusan 3,000. A Gujarat a 2002, bayan mutum 59 sun ƙone a jirgin ƙasa a Godhra, an kai gawarwakin Ahmedabad, kisan da ya biyo baya ya haura 1,000, galibi Musulmi. Awannin farko su ne komai: a fito da gaskiyar abin da ya faru da wuri, a hana yawo da gawa, a kama masu shiryawa ba 'yan kallo ba, a sa dokar hana fita kafin dare ba bayan kwana uku ba. Yanzu kuma waya ta rage awannin. Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba a Myanmar.

Dakta Ilyasu:
Hajiya ta taɓo wurin da malaman addini suka fi amfani, wato kafin jini ya zuba da kuma lokacin neman wanda kowa zai yarda da shi. A Afirka ta Tsakiya, lokacin da mayaƙan Seleka, galibi Musulmi, da na Anti-balaka, galibi Kirista, ke kashe-kashe a 2013 da 2014, babban limamin Katolika Nzapalainga ya ajiye Imam Kobine Layama a gidansa, suna yawo tare da Fasto Guerekoyame gari-gari. Ba su tsayar da yaƙin ba, amma sun hana a ce dukkan Kirista da dukkan Musulmi ne ke yaƙi.

Amma ga wanda ya riga ya shiga, maganar malamin waje ba ta cika ratsa shi ba. Malamai sama da 120 sun rubuta wa Bagadadi buɗaɗɗiyar wasiƙa a Satumban 2014, hujja bayan hujja, baƙin mayaƙa ba su fasa zuwa ba. Wadda ta yi tasiri ita ce ta Masar, inda shugabannin Jama'a Islamiyya ta can, wadda daban take da ta Indunusiya, da ke kurkuku suka ayyana ajiye makami a 1997, suka rubuta littattafan warware fatawoyinsu a 2002, aka bar su suna zagaya gidajen yari suna muhawara da yaransu. Wanda ya ɗaura shi ke iya kwancewa.

Wani lokaci kuma ƙungiya ce ke kashe kanta. A Aljeriya, bayan soja sun soke zaɓen da jam'iyyar Musulunci ta FIS ke kan hanyar lashewa a Janairun 1992, ƙungiyar mayaƙa ta GIA ta yi ta faɗaɗa kafirtawa har ta haɗa da al'umma baki ɗaya. Bayan kisan kiyashin Rais da Bentalha a 1997 jama'a suka guje ta, mayaƙan FIS suka tsagaita wuta, wasu kwamandoji suka ɓalle a 1998. Sai dai waɗannan da suka ɓalle su ne suka zama al-Ƙa'ida ta Magrib a 2007, suka gangara Mali. An gudu ba a tsira ba.

Barista Hauwa:
Tunda an zo sulhu, ga abin da ke sa yarjejeniya ta tsaya da ƙafarta. Lardin Aceh na Indunusiya, Agustan 2005, tsohon shugaban Finland Martti Ahtisaari ya shiga tsakani. An rubuta adadi: 'yan tawaye za su miƙa makamai 840 a zango huɗu, kowane zango gwamnati ta janye wani kaso na sojojinta, masu sa ido daga Turai da ƙasashen yankin suna ƙirgawa. Aka ba lardin kashi 70 na kuɗin albarkatunsa, aka yarda su kafa jam'iyyunsu. A Disamban 2006 tsohon ɗan tawaye ya ci zaɓen gwamna. Ba wanda aka ce ya fara miƙa wuya ya jira alheri.

A Ireland ta Arewa an sa hannu a Afrilun 1998, amma IRA ba ta gama lalata makamanta ba sai Satumban 2005, a gaban wani janar ɗan Kanada da shaidu biyu, limamin Katolika da na Methodist. A tsakani an saki fursunoni cikin shekara biyu, an sake wa rundunar 'yan sanda suna da tsari a 2001, ana ɗaukar rabi Katolika. Kuma wata huɗu bayan sa hannu waɗanda suka ɓalle suka tayar da bam a Omagh, mutum 29 suka mutu. Duk sulhu yana da masu ɓata shi, sai an shirya musu tun kafin su zo, in ba haka ba bam ɗaya ya rusa aikin shekaru.

Labanan kuwa gargaɗi ce. Yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989 ta tsayar da yaƙin shekara 15, ta raba kujerun majalisa rabi da rabi tsakanin Kirista da Musulmi. Shugaban ƙasa Kirista ɗan ɗariƙar Maroni, firaminista Sunni, kakakin majalisa Shi'a. Jini ya tsaya, amma kowane muƙami ya zama gadon ɗariƙa, madugan yaƙi suka zama ministoci, Hizbullah ta riƙe makamanta, ƙasar kuma ba ta sake ƙidayar jama'a ba tun 1932 don tsoron abin da lissafi zai nuna.

Ustaz Nuhu:
Barista, duk misalanki na masu neman abin da za a iya rabawa ne: kujera, lardi, kuɗin mai. Aceh da IRA ƙasa suke nema, addini tambarin gida ne kawai. Wanda ya ce shi duniya baki ɗaya yake so ta bi shi, me za ki ba shi rabi?

Barista Hauwa:
Shi ba a ba shi komai, Malam. Na ƙasa da shi ake buɗe wa ƙofa. Kony bai taɓa sa hannu ba, an jira shi a tattaunawar Juba har 2008 bai zo ba. Amma dokar afuwa ta Yuganda ta 2000, da shirye-shiryen rediyo inda waɗanda suka dawo ke magana da muryarsu don na daji su ji ba a kashe su ba, sun zare masa dubban mutane. Manyan kuma kotun duniya ta nema, Dominic Ongwen ya samu shekara 25 a 2021, duk da shi ma sato shi aka yi yana yaro. Inda afuwa ke lalacewa shi ne a ba tubabbe jari da horo, wadda ya kashe wa miji tana sansanin gudun hijira ba ta samu komai ba. Garin ba zai karɓe shi ba, shi kuma ya koma inda ya fito.

Malam Garba:
To ina za mu sa Taliban? Aƙida ce zalla, amma iyakarta Afganistan, aka zauna da ita a Doha a Fabrairun 2020.

Kanar mai ritaya:
A Doha ranar fita aka sa wa hannu, ba sulhu ba. An bar gwamnatin Kabul a waje, an sa ta saki fursunoni 5,000, an faɗa wa abokin gaba ranar da za a tafi. Wanda ya san ranar tafiyarka jira kawai zai yi, 15 ga Agustan 2021 suka shiga Kabul. Ni abin da ya fi tsaya mini sansanonin arewa maso gabashin Siriya ne. Al-Hol kaɗai ya haura mutum 70,000 a 2019, mafi yawa mata da yara, ƙasashe da dama suka ƙi karɓar 'yan ƙasarsu. A Janairun 2022 Da'ish ta kai wa kurkukun Hasaka hari don fitar da mutanenta, aka yi kwanaki ana gwabzawa. Yaron da aka kai al-Hol yana shekara bakwai a 2019, ku lissafa shekarunsa yau, ku tuna abin da na faɗa a kan Bucca.

Hajiya Rabi:
Kazakistan da Uzbekistan da Kosovo sun kwaso nasu tun 2019, yara aka sa makaranta, manya aka kai wasu kotu. Barista, idan kin samu lokaci ki warware mana yadda ake gurfanar da wanda ya dawo alhali shaidun laifinsa suna wata ƙasa, don a nan ne ƙasashen Turai ke cewa hannunsu a ɗaure yake.